Mu San Nahiyarmu: Yadda Ruwan Sama Ya Tsara Afirka

Jama'a, ku sani faɗin Afirka ya kai murabba'in kilomita miliyan 30, nahiyar Asiya kaɗai ta fi ta girma. Layin nan da ya raba duniya biyu, wanda masana ke kira ikwaita, ya ratsa ta tsakiyarta, ta Gabon da Kwango da Uganda da Kenya. A nan ruwan sama ya fi yawa. Duk inda mutum ya nufa daga nan, kudu ko arewa, ruwa raguwa yake yi. Shi ya sa yankunan nahiyar suka jeru layi-layi kamar ƙwaryar saƙi.

Kurmi

A kwarin kogin Kwango da gaɓar tekun Afirka ta Yamma, ruwa ba ya daɗewa bai sauka ba. Itatuwa sun yi tsawo, sun haɗe kai har rana ba ta iso ƙasa sosai. Nan ne gidan goro da koko da kwakwar manja. Amma shanu ba sa jin daɗinsa, saboda ƙudan tsando da ke sa musu sammore.

Ƙasar ciyawa

Gaba da kurmi sai fili mai dogayen ciyayi, da ɗorawa da kaɗanya da kuka nan da can. Shekara ta kasu biyu, damina da rani. Can wajen kudu doya ake yi, idan aka matso arewa sai dawa da gero da gyaɗa. Yawancin ƙasar Hausa a nan take. Daga wajen Damagaram da Tawa zuwa gaba, damina ba ta wuce wata uku ko huɗu, itatuwa kuma sai masu ƙaya, irin su aduwa da bagaruwa. Wannan shi ne Sahel, inda farin 1973 da na 1984 suka hallaka dabbobi ba adadi.

Hamada

Sahara ta kai murabba'in kilomita miliyan 9, daga tekun Atlantika har Bahar Maliya. Kada ku zaci duk rairayi ce. Akwai tsaunuka irin na Azbin, akwai dausayin dabino da gishiri kamar Bilma. Ƙurar hunturu da ke rufe mana rana, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. A kudancin nahiyar ma akwai Kalahari da Namib. Can kuwa lokutan shekara a juye suke: muna hunturu, Zambiya na damina.

Tsaunuka da koguna

Tudu yakan karya wannan tsari. Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, yana kusa da ikwaita, amma ƙanƙara ce a kansa. Ruwan da ya sauka a tsaunukan Habasha shi ke cika Nilu, ya ratsa hamada ya raya Sudan da Masar. Kogin Kwara kuma daga tuddan Gini ya taso, ya bi ta Tumbutu da Yamai, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja.

Abin lura

Babu yankin da ya wadatu da kansa. Domin haka kakanninmu suka yi fataucin goro zuwa Gwanja, Buzaye kuma suka riƙa kawo gishirin Bilma da ayarin raƙuma. Sa'an nan iyakar yankunan tana matsawa. Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, daga baya fari ya cinye mafi yawansa. Saboda haka ku rage ƙunar daji, ku bar gawo a gona, wanda ya sare itace kuma ya dasa wani a madadinsa.