YUMƁU, RUMBUN ABINCIN SHUKA

Ya kai manomi, ka san tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam suka sami hanyar noman rani mai yawa. Shinkafa, da alkama, da tumatir, da albasa, duk ana nomawa. Amma sau da yawa sai ka ga mutum biyu sun zuba taki daidai wa daida, gonar wannan ta yi kyau, ta wancan kuwa ta yi ja bayan 'yan makonni. Ina takin ya tafi? Amsar tana wurin yumɓu.

Ga abin da za ka gwada da hannunka. Sami gwangwani biyu, ka huhhuda gindinsu. Ka cika ɗaya da yashi, ɗaya da ƙasar fadama wadda ka marmashe. Sa'an nan ka jiƙa kashin awaki, ka tace ruwan, ka zuba kaɗan kaɗan a kowanne. Ruwan da ya bi ta yashi zai fito kamar yadda ya shiga. Wanda ya bi ta ƙasar fadama kuwa zai fito ya rage duhu da wari. Ashe ƙasar ta riƙe wani abu.

Wani masani a Ingila, ana ce da shi Thomas Way, ya bi diddigin wannan al'amari cikin 1850. Ya zuba ruwan gishirin taki mai amoniyam a kan ƙasa, ya auna abin da ya tsiyayo. Sai ya tarar amoniyam ya maƙale a ciki, wani sinadari da ake kira kalsiyam ya fito a madadinsa. Watau ƙasar musanya ta yi.

Dalilin wannan abu biyu ne. Na farko, ƙwayar yumɓu ƙanana ce ƙwarai, sai ka jera 500 ko fiye kafin su kai tsawon milimita ɗaya. Kuma falle-falle take, kamar takardun littafi, saboda haka bayanta yana da faɗi. In da za a shimfiɗa fallayen giram ɗaya na farin yumɓu, wanda ake kira kawolin, da sun rufe murabba'in mita 10 zuwa 20, kamar daɓen ɗaki guda. Baƙar laka mai tsagewa da rani kuwa, giram ɗaya nata ya kan kai murabba'in mita 800, kusan kashi ɗaya cikin biyar na eka.

Na biyu, jikin fallayen nan yana ɗauke da ƙarfin lantarki. Dubi batir, za ka ga gefe guda da alamar tarawa, gefe guda da alamar ɗebewa. Masu alama daban su kan jawo juna, masu alama ɗaya su kan ture juna. To, yumɓu alamar ɗebewa gare shi. Amoniyam, da fotasiyam, da kalsiyam kuwa, masu alamar tarawa ne, sai su manne masa kamar yadda allura ke manne wa maganaɗisu. Ba su shiga cikin ƙwayar ba, a bayanta suke, don haka in saiwa ta zo sai ta ba da wani abu nata, ta karɓe su.

Amma ba kome yumɓu ke riƙewa ba. Yuriyar da ka zuba ta kan rikiɗe ta zama amoniyam cikin 'yan kwanaki. In ƙasa tana shan iska, amoniyam ya kan sāke rikiɗa ya zama naitiret, shi kuwa alamar ɗebewa gare shi. Yumɓu ba ya kama shi, ruwa ke tafiya da shi. Ga shi kuma yawancin gonakin tudu na wajen Kadawa rairayi ya fi yawa a cikinsu, ɗan yumɓun da ke ciki kuwa irin kawolin ne. Rumbunsu ƙarami ne ke nan.

Saboda haka ka kiyaye abu huɗu. Kada ka zuba yuriya gaba ɗaya, raba ta kashi biyu ko uku, ka kuma rufe ta da ƙasa. Kada ka cika ban ruwa fiye da kima, gama kuɗinka ka ke wankewa zuwa magudana. Ka yawaita takin gargajiya, domin ruɓaɓɓen taki ya fi kawolin riƙe abincin shuka nesa ba kusa ba. Na huɗu, kada ka dama maganin ciyawa da ruwa mai laka, musamman Paraquat da Glyphosate, don lakar za ta kama maganin tun cikin tanki, ya rasa ƙarfi.

Akwai kuma abin tsoro guda. Inda ruwa ke kwanciya ba mafita, kanwa ta kan taso. Sinadarin da ke cikinta, watau sodiyam, in ya yi yawa a jikin yumɓu, sai ƙwayoyin su watse su toshe ƙofofin ƙasa, ruwa ya kasa shiga, shuka ta tsumbure. Maganin wannan tun da wuri shi ne yashe magudana.

In ka san girman rumbunka, ba za ka zuba masa abin da ya fi ƙarfinsa ba.