Firesha kuka da tukunyar sannu-sannu: wacce ce ke rage cin wuta da gas a gida?

Batirin waya mai lamba 5,000mAh, irin na yawancin wayoyin Tecno da Infinix na yanzu, wutar da yake ɗauka ba ta kai wat-awa 20 ba. Yunit ɗaya na mita kuwa wat-awa 1,000 ne. Ko an cire abin da caja ke ɓatarwa, yunit guda zai cika wayar sau 40 ko fiye. To amma rishon lantarki mai wat 1,500, idan aka ɗora masa wake ya yi awa biyu yana tafasa, ya lashe yunit uku. Tukunyar wake ɗaya ta cinye cajin waya na wata huɗu ke nan.

Shi ya sa zare caja daga soket da sunan tsimin wuta ba ya taɓa kuɗin mita sosai. Wutar gida a wajen abubuwan da ke yin zafi take ƙarewa: risho, hitar ruwa, dutsen guga. Tun da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, kafin daga baya a ɗan rage, wannan lissafi ya daina zama na wasa. Masu girki da gas ma sun san yadda ake ji idan tukunyar gas ta ƙare kafin wata ya mutu.

Ina zafin yake tafiya?

Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100, komai ƙarfin wutar da aka hura masa. Da zarar ya tafasa, duk zafin da aka ƙara tururi yake zama ya gudu. Kuma tururi na da tsada. Ɗaga lita ɗaya ta ruwa daga digiri 25 zuwa tafasa na cin kimanin wat-awa 90, amma ƙone wannan litar ta zama tururi na cin wat-awa 630, wato ninki bakwai. Saboda haka mai dafa ƙafar saniya da ya ƙara ruwa sau uku kafin ta yi laushi, yawancin gas ɗinsa ba naman ya dafa ba, tururi ya yi wa kicin.

A wuri mai tudu abin ya fi muni. Jos tana kimanin mita 1,200 sama da teku, iska ba ta danna ruwa da nauyi kamar a Legas, don haka yana tafasa a kusan digiri 96. Wake ya fi daɗewa a kan wuta a can, kuma ba laifin waken ba ne.

Abin da firesha kuka ke yi

Dabarar tsohuwa ce. Wani Bafaranshe masanin kimiyya mai suna Denis Papin ne ya ƙera irinta ta farko a Landan a 1679, tukunyar da ke narkar da ƙashi, kuma ya sa mata bawul mai sakin tururi don kada ta fashe. Har yau a kan wannan tsari ake.

Murfin yana rufuwa gam da taimakon zoben roba. Tururi ya rasa hanyar fita, sai ya taru ya danne ruwan, ruwan da aka danne kuwa ba ya tafasa sai ya ƙara zafi. A irin wadda ake ɗorawa kan gas zafin yakan kai digiri 120, ta lantarki kuma takan tsaya ƙasa da haka kaɗan, wajen 115. Digiri 20 kamar ba komai ba ne, amma su ke sa jijiyar nama da ƙwayar wake su saki da wuri. Dahuwar awa ɗaya da rabi kan dawo kusan rabin awa. Riba biyu ke nan: lokaci ya ragu, tururi kuma bai gudu da zafi ba.

Akwai kuskuren da ke cinye ribar. Da yawa suna barin wuta da ƙarfi bayan tukunyar ta fara huci, suna ganin yawan hucin ne alamar aiki. Wannan hucin gas ne ke fita. Da ta fara, sai a rage wuta zuwa ƙasa, iya abin da zai riƙe matsin. Idan lokaci ya cika a kashe, a bar ta ta huce da kanta. Mintuna goma zuwa sha biyar ɗin nan abinci na ci gaba da dahuwa kyauta.

Ta lantarki, irin su Instant Pot da aka fara sayarwa daga Kanada a 2010, ta ɗauke wa mutum wannan gadi. Tana da na'urar auna matsi, tana kunna hitarta tana kashewa da kanta, jikinta kuma ninki biyu ne, ba ya zubar da zafi kamar tukunyar dalma. Mai lita shida yawanci wat 1,000 ce, amma ba ta jan wannan wutar sai a farko. A ƙaddara ta yi minti 15 tana ja da ƙarfi kafin matsi ya kama, kwatan yunit ke nan. Rabin awar da ke biye jefi-jefi take kunnawa. Duka dahuwar ba za ta cika rabin yunit ba. Idan yunit naira 200 ne, waken da risho ya dafa a naira 600, ita ba ta kai naira 100 ba.

Wake, gurjiya, alkama, ganda, kayan ciki, kan rago, ƙafar saniya, tsohon zakara: nan take nuna bajinta. Har kanwar da ake jefa wa wake don ya yi laushi ba a buƙatarta. Tuwo kuwa ba nata ba ne, tunda sai an talga an tuƙa, haka ma suya. Taliya da shinkafar da ke nuna cikin minti 20, abin da za a tsimta a kansu bai taka kara ya karya ba.

Tukunyar sannu-sannu

Ita akasin waccan ce. Kasko ne na tangaran a cikin gidan ƙarfe mai ƙaramar hita, tana dafa abinci ƙasa da tafasa na tsawon awa shida zuwa goma. Irving Naxon ne ya samu lasisin ƙirarta a Amurka a 1940, don dafa wani abincin wake na Yahudawa da ke kwana a kan wuta. Kamfanin Rival ya saye ta, ya fito da ita da sunan Crock-Pot a 1971, lokacin da matan Amurka ke ƙara fita aiki. A zuba komai da safe, a dawo da yamma a tarar ya nuna.

Wutar da take ja kaɗan ce, wat 100 zuwa 250 gwargwadon girma da maɓallin da aka murɗa. Amma mita wat sau awa take ƙirgawa. Wat 200 na awa takwas yunit 1.6 ne, fiye da ninki uku na abin da firesha kuka ta ci. Yabon da ake yi mata a Turai da Amurka gaskiya ne, sai dai da oven na lantarki mai wat 2,000 ko fiye suke gwada ta. Gidan da ba a oven ake yin farfesu ba, wannan gwaji bai shafe shi ba. Ta fi risho tsimi, amma ba ta kama ƙafar firesha kuka ba.

Inda take da amfani shi ne gidan da ke da sola. Ƙaramar inbata da ba za ta ɗauki wat 1,000 ba za ta ɗauki 200 hankali kwance, kuma dahuwar na faɗawa daidai lokacin da rana ke kan faifan sola. Mai dogaro da wutar NEPA kuwa sai ya yi tunani sau biyu. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa a abinci. Idan aka ɗauke wuta da hantsi, nama bai nuna ba, ba kowa a gida, aka dawo da ita da la'asar, tukunyar za ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Naman ya yi awanni cikin ɗumi, kuma wasu ƙwayoyin na barin gubar da zafi ba ya kashewa. Irin wannan abinci zubar da shi ake yi, ko da ƙamshinsa bai canja ba. Haka jan wake mai siffar ƙoda: yana da guba ta halitta wadda sai an tafasa shi sosai na aƙalla minti goma take mutuwa, zafin wannan tukunya bai isa ba.

Kafin a saya, kafin a ɗora

Murfin firesha kuka mai faɗin santimita 22, idan matsi ya kama, ƙarfin da ke tura shi daga ciki ya kai nauyin kilo 380, buhun siminti bakwai da ɗori. Ba a kokawa da murfi. Idan ya ƙi buɗuwa, akwai sauran matsi, sai a jira. Ba a cika ta fiye da kashi biyu cikin uku, wake da hatsi masu kumfa kuma rabi kawai, don kumfa na toshe ƙofar tururi. A riƙa ɗaga murfin a haske a leƙa ƙofar kafin kowane girki. Zoben robar da ya tsage ko ya saki a canja shi, don tukunyar da ke yoyon tururi ta gefe ta koma tukunyar gama-gari. Kafin biyan kuɗi ma a tambaya ko ana samun zoben samfurin a kasuwa, saboda rashinsa ne ke mayar da tukwane da yawa ma'ajiyar albasa.

Masu sayen ta gwanjo su juya ta su karanta lambar da ke ƙasa. Wutar Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce, kayan da aka yi wa kasuwar Amurka kuwa 110 zuwa 120. A jona irin wannan kai tsaye, kafin a ankara ta ƙone. Ƙaramin janareta da ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba shi ma ba zai ja ta ba. Inda wuta ba ta da tabbas, wadda ake ɗorawa kan gas ta fi dacewa, kuma ta fi araha.

Wanda bai da kuɗin ko ɗaya yana iya samun rabin aikin tukunyar sannu-sannu ba tare da soket ba. A Afirka ta Kudu, lokacin da ɗauke wuta ya tsananta a 2008, Sarah Collins ta fito da Wonderbag, jaka mai kauri da ake saka tukunya a ciki bayan ta tafasa, zafin da ta riƙe ya ƙarasa dahuwar. Kwando da tsohon bargo na yin wannan aiki. A tafasa waken minti 15, a sauke da murfinsa a rufe, a naɗe shi ciki da bai, a bar shi awa uku. Idan an buɗe ya kamata tururi ya tashi har ya hana sa hannu. In an tarar ɗumi-ɗumi ne kawai, sai a mayar kan wuta ya sake tafasa, gobe kuma a ƙara bargo.