Darasi: Auna Haɗari da Illolin Canza Jinsi



Ya ƴan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan fitowa ya shafi mas'alar da ake kira canza jinsi, wato namiji ya nemi likitoci su mai da surarsa ta mace, ko mace ta nemi ta namiji, ta hanyar magunguna da tiyata. Labarinta ya yawaita a rediyo da wayoyin hannu, har ana cakuɗa ta da wata mas'ala dabam wadda malamanmu suka daɗe da sani. Wajibi ne mu rarrabe su kafin mu yi awo.

Na farko: mata-maza

Akwai wanda ake haifa al'aurarsa ba ta fayyace ba. Shi ne malaman fiƙihu suke kira hunsa. Shaihu Halilu ya rufe littafinsa Muhtasar da hukuncin gadonsa da alamomin da ake gane shi da su, kamar mafitar fitsari, da tsirowar gemu, da nono, da haila. Wannan lalura ce ta halitta, babu laifin kowa a cikinta. Majalisar Fiƙihu ta Rabita, a zamanta na 11 a Makka cikin shekarar 1409 (1989), ta halatta yi wa irin wannan magani domin bayyana abin da ya rinjaya a halittarsa.

A nan muna jan hankalin iyaye da ungozomomi. Wata jaririyar mace ce, amma ciwon wata ƴar tsoka da ke bisa ƙoda ya sa al'aurarta ta yi kama da ta namiji. Wannan ciwo yana iya zubar da gishirin jiki cikin makonnin farko, jaririya ta yi ta amai har ta rasu. Ɓoye ta saboda kunya ganganci ne da rai. A gaggauta kai ta asibiti, a kuma bar gaggawar yanka har bincike ya cika.

Na biyu: mai cikakkiyar halitta

Akwai kuma wanda gaɓoɓinsa suka cika, amma yana jin ƙunci mai tsanani a ransa game da jinsinsa. Ƙuncin nan gaskiya ne, yana hana barci, yana kai wasu ga tunanin kashe kansu. Majalisar da muka ambata ta haramta canji ga irin wannan, tana kafa hujja da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i, wadda ta yi gargaɗi a kan sauya halittar Allah. Wannan ne ra'ayin jamhurin malaman Sunna. A Iran kuwa, fatawar Ayatullahi Khumaini ta shekarun 1980 ta ba da izini.

Na uku: abin da likitoci suka sani

Magungunan da ake bayarwa sinadarai ne da ake kira homon. Na mata yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyoyi. Na maza yana kaurara jini, yana kuma sa murya ta yi kauri da gemu ya tsiro, kuma muryar ba ta komawa ko an daina sha. Dukansu suna iya raunana haihuwa. In aka cire maraina ko mahaifa da ƙwayayenta, haihuwa ta yanke har abada, kuma mutum zai dogara ga magani shekaru masu yawa, in ya rasa shi ƙasusuwansa su yi rauni. Tiyatar al'aura kuwa takan bar toshewar mafitsara ko yoyo, har a sake yanka.

Game da yara, Suwidin ta taƙaita ba su magungunan tsayar da balaga a 2022. A Ingila, rahoton Dakta Hilary Cass na watan Afrilun 2024 ya nuna cewa hujjar amfaninsu mai rauni ce, kuma a cikin wannan shekara asibitocin gwamnati suka daina bayar da su kamar da. Adalci ya sa mu faɗi cewa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta sake goyon bayan wannan magani a 2023, kuma yawancin manyan da aka yi wa tiyata aka tambaye su sun ce ba su yi nadama ba. Sai dai akwai waɗanda suka yi, suka dawo neman abin da aka yanke, ba su samu ba.

Na huɗu: ma'auni

Ƙa'idar malamai ita ce, tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani. Abin da ba ya gyaruwa bayan an aikata shi yana bukatar yaƙini, kuma yaron da bai gama girma ba bai san nauyin rasa zuriya ba tukuna. Rigakafi ya fi magani.

Amma hukunci bai ba kowa izinin izgili ko duka ko korar ɗa daga gida ba. Wanda aka jarraba da wannan damuwa ɗan'uwanmu ne, jininsa da mutuncinsa abin kiyayewa ne. A saurare shi cikin sirri, a haɗa shi da malami mai tausayi da likitan da ya san ciwon damuwa. Idan ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai ko da dare ɗaya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shiryar da zuriyarmu, Ya sa mu faɗi gaskiya da tausayi. Allah ne Mafi sani.