Yadda Ake Gyara Zaren Bol Idan Ya Cinye a Jikin Inji

Duk wanda ya daɗe yana riƙe sifana ya san wannan lokacin: kana ɗaure bol, yana ƙara ƙarfi a hannunka, sai ka ji ya saki, yana ta juyawa ba tsayawa. Zare ya cinye ke nan. Ya fi faruwa a inda bol na ƙarfe ya shiga jikin alminiyam, kamar tof silinda da gidan giya, domin alminiyam ya fi ƙarfe laushi, shi ke fara sallamawa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wasu ke naɗa wa bol ɗin leda ko siririyar waya, ko su tura wani mai kauri da ƙarfin tsiya, su sallami mai mota. Bayan kwana kaɗan mai ya fara tsiyaya, ramin kuma ya fi da lalacewa.

Kafin ka taɓa komai, wanke ramin da kananzir, ka busa iska, ka haska fitila ciki. Ɓarnar iri biyu ce. Idan zaren yana nan, sai dai ya lanƙwashe ko tsatsa da datti sun toshe shi, gyaran mai sauƙi ne. Idan kuwa ka ga ɓurɓushin alminiyam ya naɗe a jikin bol kamar zobe, ramin kuma ya yi sumul, to zaren ya tafi, sai an yi sabo.

Daga nan ka tabbatar da girman zaren, kuma a nan ne yara masu koyo ke yawan kuskure. A gareji muna kiran bol da lambar sifanar da ke kama kansa, amma wannan lambar ba ita ce ta zare ba. Bol ɗin da sifana 12 ke kwancewa a motar Japan yawanci M8 ne, a motar Turai kuwa M8 ɗin sifana 13 yake so. Sannan akwai tazarar da ke tsakanin zare da zare: M10 akwai mai 1.5, akwai mai 1.25. Da ido kamar ɗaya suke, amma in ka tura ɗaya a ramin ɗayan, ka gama da ramin. Idan ba ka da ma'aunin zare, haɗa bol biyu gefe da gefe ka ɗaga su wajen haske. In zarensu ya shige juna ba tare da haske ya ratsa ba, iri ɗaya ne.

Zaren da ya lanƙwashe kawai, miƙar da shi ake yi, ba a yanka sabo. Samu bol mai kyau na wannan girman, zai fi kyau mai lamba 10.9 a kansa, ka yanka masa tsagi biyu ko uku a tsawonsa da zarto. Shafa masa baƙin mai, ka fara shigar da shi da yatsu. Ka ɗan juya shi baya tukuna har ka ji ya faɗa bakin zaren, sannan ka yi gaba a hankali. Tsagin nan zai kwaso dattin. Idan a jikin bol ne zaren ya lalace, galibi sayen sabo ya fi arha da kwanciyar hankali. Bol ɗin taya, na birki da na sitiyari kuwa, ba na yarda a gyara su sam. Canja su ake yi, domin rai ne a kansu.

Ramin da ya cinye gaba ɗaya, maganinsa wata waya ce ta baƙin ƙarfe mara tsatsa da aka naɗe kamar sifirin, wadda aka fi sani da sunan Helicoil. Tana zuwa a kwali ɗaya da bakin injin huji, da tab na yanka zare, da sandar shigarwa, da ɗan ƙarfen karya wutsiyar wayar. Amfaninta shi ne bol ɗinka na asali zai koma ramin, ba sai ka nemi mai kauri ba. Tab ɗin cikin kwalin na musamman ne, kada ka musanya shi da na gama-gari.

A ce ramin M8 ne mai tazarar 1.25. Auna zurfinsa, ka naɗa salatif a bakin hujin daidai wannan zurfin, don kada ka zarce ka fasa hanyar ruwa ko ta mai. Bakin da ke cikin kwalin ya ɗan haura milimita 8. Huda a hankali, ka sa yaronka ya tsuguna a gefe yana duba maka ko hannunka ya karkata, domin kai da ke sama ba ka ganin karkatar ta kowane ɓangare. Rami in ya karkace a wannan matakin, duk abin da ya biyo baya a karkace zai tafi.

Yanka zaren shi ne wurin da ake son haƙuri. Shafa wa tab mai, ka dasa shi tsaye cak, ka danna kaɗan har ya kama. Juya rabin zagaye gaba, ka dawo kwata baya, za ka ji ɓurɓushin ya karye. Haka za ka yi ta yi. Bayan 'yan zagaye, fito da shi gaba ɗaya ka goge, ka sake sa mai. Da ka ji ya yi tauri, kada ka ƙara ƙarfi, ka ja baya. Tab ƙarfe ne mai tauri amma mai saurin karyewa, kuma in ya karye a ciki, bakin huji na yau da kullum ba ya cin sa. Aikin rabin awa ya zama na kwana guda a wurin masu walda. Idan ramin fulogi ne, mafi aminci a sauke tof silinda. In ba hali, cika tsagin tab ɗin da giris ya riƙe ɓurɓushin, ka riƙa fitowa kana gogewa akai-akai, don kada ya zuba kan fistin.

Wanke ramin tas, ya bushe. Zaɓi waya mai tsawon da ya kai kaurin bol sau ɗaya da rabi, wato milimita 12 ga M8. Ɗora ta a sandar, wutsiyar tana ƙasa, ka murɗa ta ciki ba tare da dannawa ba, zaren ne zai ja ta da kansa. Tsaya idan ta nutse ƙasa da bakin ramin da kwata zuwa rabin zagaye. Kada ka juya ta baya, wutsiyar za ta iya tsinkewa kafin lokaci. Sa ɗan ƙarfen nan a kan wutsiyar, ka buga sau ɗaya da guduma, sannan ka tabbatar ka fito da guntun. A ramin fulogi, da filaya mai dogon baki ake kama wutsiyar a karya ta zuwa sama.

Yanzu shigar da bol da yatsu, zagaye uku ko huɗu, kafin sifana ta taɓa shi. In ya ƙi tafiya da yatsu, akwai matsala, fito da shi ka duba. Wajen ɗaurewa yi amfani da sifanar awo, ka bi adadin da littafin motar ya faɗa. Bol M8 mai lamba 8.8 yana wajen Nm 25, M6 kuwa wajen 10 kawai yake so, abin da hannu ɗaya ke kaiwa da ƙaramar sifana ba tare da an ƙara mata bututu ba.