Katin da ke aljihunka zai shigar da kai jirgi?

Sana'ata sayar da tikitin jirgin sama ce a unguwar Bronx ta birnin New York, kuma mafi yawan masu shigowa ofishinmu mutanenmu ne: Hausawan zangunan Gana, 'yan Nijar, 'yan Najeriya da sauran 'yan Afirka ta Yamma. Tambayarsu ta farko kullum ita ce nawa ne tikiti, ta biyu kuma jaka nawa za a bari su ɗauka. Da wuya ka ji wanda ya tambayi wace shaida zai nuna a filin jirgi. Ni nake yin wannan tambayar, kuma yanzu ba na buga wa kowa tikitin cikin gida sai ya ciro katinsa ya ajiye a kan teburina na gani da idona.

Dalili shi ne abubuwa sun canza sau biyu cikin ƙasa da shekara ɗaya, labarin kuma bai kai kunnen mutanenmu da yawa ba. Tun daga 7 ga Mayu, 2025, hukumar TSA, wadda ke binciken fasinjoji a filayen jiragen Amurka, ta daina karɓar lasisin tuƙi na gama-gari a matsayin shaida. Sai irin wanda ake kira REAL ID, mai alamar tauraro a saman katin. Daga 1 ga Fabrairu, 2026 kuma, duk wanda ya kai shekara 18 ya zo babu shaidar da aka amince da ita, sai ya biya dala 45 kafin a zauna tantance ko shi wane ne. Sunan wannan tsari TSA ConfirmID.

Dokar kanta ta tsufa. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, kwamitin binciken da aka kafa ya gano cewa da yawa daga cikin maharan sun mallaki lasisi ko katin shaida na jihohi, sai ya ba da shawarar gwamnatin tarayya ta gindaya ƙa'ida ɗaya ta bayar da irin waɗannan katuna. Majalisa ta yi dokar a 2005, Shugaba George W. Bush ya sa hannu. An so ta fara aiki a 2008, jihohi suka yi ta jan ƙafa saboda tsada da batun sirrin jama'a, annobar korona ta zo ta ƙara tura ta gaba. Kusan shekara ashirin ana ɗagawa, shi ya sa mutane suka saba da cewa wannan karon ma za a ɗaga. Ba a ɗaga ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin waɗanda za su biya kuɗin nan suna da takardar da za ta wuce da su kyauta, tana gida cikin akwati. Fasfon kowace ƙasa karɓaɓɓe ne: na Najeriya, na Nijar, na Gana, duk TSA tana karɓa ko da daga New York zuwa Atlanta za ka. Girin kad, wato katin zama na dindindin, karɓaɓɓe ne. Katin izinin aiki da hukumar shige da fice ke bayarwa shi ma haka. Wanda ya zama ɗan ƙasa yana da fasfon Amurka. A nan New York da wasu jihohi huɗu, Michigan da Minnesota da Vermont da Washington, akwai kuma lasisi mai tutar Amurka a jiki maimakon tauraro, wanda ake iya tsallaka iyakar Kanada da shi ta mota. Shi ma yana shigar da mutum jirgin cikin gida.

Na san abin da ke hana mutane fita da waɗannan takardu. Wanda ya yi shekaru yana jiran girin kad, ya kashe kuɗin lauya, ya yi ta addu'a, ba ya son ya sa shi a aljihu ya shiga jirgin ƙasa. Wata dattijuwa da ɗanta ya kawo ta za ta je Greensboro wurin suna, na tambaye ta, “Hajiya, da wane kati za a tafi?” Ta miƙo mini katin shaidar zama a birnin New York, wanda hukumar birni ke bayarwa. Na ce, “Hajiya, wannan na cikin gari ne, ba ya shiga jirgi. Ina fasfo?” Ta ce, “Ɗan nan, fasfo ai ba abin yawo ba ne. Yana ƙasan adaka.” Gaskiyarta ce ta wani fanni, ɓatan fasfo a ƙasar waje wahala ce babba. Amma ranar tafiya dai aka yi shi dominta. Mai girin kad kuwa, dokar shige da fice ma ta ce duk wanda ya kai 18 ya riƙa ɗauke da katin a jikinsa.

Katunan da ake kawo mini da ba sa aiki suna da yawa, kuma duk katuna ne na gaskiya, ba na jabu ba. Direbobinmu na tasi sukan nuna lasisin hukumar tasi ta birni. Wasu su kawo katin ofishin jakadancin ƙasarsu, ko katin ɗan ƙasa na Gana, ko takardar NIN ta Najeriya. Babu ɗaya a cikin jerin TSA. Hoton kati a cikin waya ma ba shaida ba ne. Sai kuma wanda ya fi ruɗa mutane, lasisin New York na gama-gari: launinsa da fasalinsa kusan ɗaya da mai tauraro, sai dai a samansa an rubuta da Turanci cewa ba don harkar gwamnatin tarayya aka yi shi ba. Tuƙi da shi halal ne, babu ɗan sandan da zai tare ka a kai. Bakin layin bincike ne ba ya wucewa.

Ita dala 45 ɗin, a fahimce ta da kyau, domin mutane na ɗaukarta kamar kuɗin shiga. Kuɗin aikin tantancewa ne. Ana biya ta shafin gwamnati na Pay.gov, a riƙe rasit a waya ko a takarda, a nuna wa jami'i, sannan a bi da mutum ta hanyar tabbatar da sunansa da bayanansa. Hakan na iya cin rabin sa'a ko fiye, jirgi kuwa ba ya jiran kowa. Idan ba a iya tabbatar da kai ba, ba za ka wuce ba, kuɗin kuma ba ya dawowa. Biya ɗaya na kwana goma ne kacal. Miji da mata da za su biki Houston su yi mako biyu, tafiya dala 90, dawowa dala 90, sun zubar da 180 kan abin da fasfo biyu za su yi musu kyauta. Yara 'yan ƙasa da 18 ba a neman shaidarsu a tafiyar cikin gida idan suna tare da babba, don haka ba sa biya.

A ganina kuɗin ya yi nauyi, kuma zai fi faɗawa kan tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi da waɗanda Turanci bai zauna musu ba. Fasinja ma dama yana biyan kuɗin tsaro a cikin tikitinsa: dala 5.60 kowace tafiya ɗaya, ba ya wuce 11.20 zuwa da dawowa, ga kuma kuɗin filin jirgi da kan kai dala 4.50 a filin da aka hau. Waɗannan ba ka ganinsu sai ka duba ƙasan rasit. Inda na ga amfanin sabon tsarin shi ne mutumin da walat ɗinsa ya faɗi ko aka sace a garin da ya je, ga shi dole ya koma gida. Shi kam ya biya, ya je filin jirgi da wuri sosai, ya tafi da duk wani abu mai ɗauke da sunansa.

Tunda kuɗi ya shigo maganar, macuta ma sun shigo. Adireshin shafin da za ka biya ya ƙare da .gov, in ba haka ba rufe shi. Ni kaina ba na karɓar wannan kuɗi a madadin kowa. Duk wanda kuma ya ce ka turo masa hoton takardunka ta WhatsApp zai yi maka REAL ID ba sai ka je ko'ina ba, bayananka yake nema. Katin farko sai mutum ya je ofishin lasisi da ƙafarsa.

Zuwan ba wuya gare shi ba idan an shirya. Ana neman shaidar ko kai wane ne da ranar haihuwarka, shaidar cewa zamanka a ƙasar bisa doka yake, lambar soshiyal (Social Security), da takardu biyu masu nuna adireshinka, kamar takardar kuɗin wuta ko ta banki. Wannan na ƙarshe ne ke kayar da samarinmu da ke zaune uku ko huɗu a gida ɗaya da sunan mutum ɗaya a kan haya. Takardar banki da ta albashi sukan fitar da su. Matar da ta ɗauki sunan miji ta tafi da takardar aure. A New York babu ƙarin kuɗi don tauraron, kuɗin sabuntawa ko canjin kati ne kawai, mai tuta kuma ana ƙara dala 30. A lura da abu ɗaya: ranar da ka je, takarda za a ba ka ta wucin gadi, katin ya biyo ta gidan waya daga baya, TSA kuma ba ta karɓar takardar. Kada a bari sai saura kwana uku tafiya. Ɗan ƙasa da ba ya son yawo da littafin fasfo zai iya yin katin fasfo, dala 30, mai shekara goma ga babba; yana aiki a jirgin cikin gida, amma ba a tashi da shi zuwa wata ƙasa.

'Yan uwanmu da maganar takardunsu ba ta kammala ba, ko suke da shari'a a gaban kotun shige da fice, ba zan ba su shawarar da ba fannina ba. Filin jirgi wuri ne na gwamnatin tarayya, kuma fasfo ya wuce da kai layin bincike ba ya nufin babu wata tambaya. Su ga lauyansu kafin su sayi tikiti. Na sha mayar da ciniki saboda wannan, kuma ban ɗauke shi asara ba.

Tafiya gida ko Umara kuwa, tauraro ba ya amfanar komai. Fasfo ne, har ga jaririn da aka haifa jiya. Saudiyya da ƙasashe da dama na son fasfo ya zama da sauran wata shida aƙalla, Gana da Nijar da Najeriya kuma na neman katin rigakafin shawara.

Saura suna, wanda shi ne ciwon kanmu na kullum. Mutum ɗaya Abubakar ne a bakin 'yan uwansa, Aboubacar a fasfon Nijar, wani abu daban a lasisi. Muhammad yana da rubutu kusan biyar. Wasu kuma sunan uba ya koma gaba, nasu ya koma baya. Na'urar TSA tana gwada abin da ke jikin kati da abin da aka shigar lokacin sayen tikiti: cikakken suna, ranar haihuwa, jinsi. Idan ɗa ne zai saya wa mahaifinsa, kada ya rubuta daga ka, kada ya sa Alhaji ko Malam a gurbin suna. Ya buɗe takardar da Baba zai nuna ranar tafiya ya kwafa harafi bayan harafi. Idan an ga kuskure bayan an biya, a kira nan take: wanda ya saya kai tsaye a wurin kamfanin jirgi, kuma saura aƙalla kwana bakwai tafiya, dokar Amurka ta ba shi sa'a 24 ya fasa ba tare da asara ba, sai dai in kamfanin irin wanda ke riƙe wa mutum kujera na sa'a 24 kafin biya ne. Wanda ya saya ta hannun irinmu, ya tambayi ƙa'idar ofishin tun kafin ya miƙa kuɗi.