Tsutsar Tsargiya da Danginta

Akwai waɗansu tsutsotsi da masana ke kira masu faɗin jiki, domin jikinsu shimfiɗaɗɗe ne kamar ganye. Ba su da ƙashi, ba su da huhu, ba su da zuciya. Ta fata suke shan iska.

An kasa su kashi uku. Na farko su ne masu neman abinci da kansu, a ruwa ko a ƙasa mai laima. Akwai wata cikinsu mai kai kamar tsinin shebur, bakinta kuwa a tsakiyar cikinta yake, tana farautar tana. In an yanka ta biyu, kowane yanki sai ya zama tsutsa. Amma rana na busar da ita, don haka ƙasa irin tamu ba ta yi mata daɗi. Na biyu su ne masu zama cikin hanji, kamar tsila. Na uku su ne masu mannewa cikin hanta ko jijiyar jini. Tsutsar tsargiya tana cikin waɗannan.

Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano ta a Masar a 1851. Namijin bai fi faɗin farce tsawo ba. Macen ta fi shi tsawo da siranta, tana kwance cikin wani kwari a jikinsa. Suna zaune cikin jijiyoyin mafitsara. Ƙwan da macen ke yi yana da ƙaya, ita ke tsaga mafitsara, jini ya biyo fitsari.

In mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga dodon koɗi, su yi yawa. Bayan 'yan makonni su fito, su huda fatar mai wanka, shi kuwa bai sani ba.

To, yaran Minanata da sauran unguwannin Sakkwato, ku kula. Kada ku yi iyo a kududdufi ko Gulbin Rima, kada kuma ku yi fitsari a ruwa. Waɗansu na cewa fitsarin jini alamar girma ce. Ba haka ba ne, ciwo ne, kuma akwai maganinsa a asibiti. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Kashi nawa aka kasa waɗannan tsutsotsi?
2. Me ke sa jini ya biyo fitsari?
3. Ina 'ya'yan tsutsar ke yin yawa?