Darasi: Riƙon Jiki Bayan An Rage Ƙiba

'Yan'uwa, akwai waɗansu a cikinmu da likita ya ce musu su rage ƙiba saboda hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon gwiwa. Sun yi ƙoƙari ƙwarai, har riga ta yi musu yawa. Amma bayan shekara ɗaya ko biyu sai ƙiba ta komo, mutum ya karai, ya ce shi rago ne. A wannan wata muna so mu bincika dalilin wannan abu, da abin da ya kamata mu yi.

1. Jiki yakan yi gardama

Sa'ad da mutum ya rage ƙiba, jikinsa yakan ɗauka fari aka yi, sai ya shiga tattali. A shekara ta 2011 likitoci a ƙasar Ostireliya suka ba da labarin mutum 50 da suka sa su rage abinci har mako 10. Bayan shekara guda suka auna jinin waɗanda suka kai ƙarshe, suka tarar abin da ke ta da yunwa ya ƙaru, abin da ke sanar da ƙoshi kuwa ya ragu. A 2016 kuma aka duba mutum 14 a Amurka, shekara 6 bayan sun yi gasar rage ƙiba a talabijin. Ƙiba ta komo wa 13, ko duka ko wani sashi, jikinsu kuwa yana ƙona abinci ƙasa da yadda ya kamata. Ashe ba ragonci kaɗai ba ne. Saboda haka kada mu yi wa ɗan'uwa ba'a.

2. Abin da masu riƙewa su ke yi

A 1994 malamai biyu a Amurka, Rena Wing da James Hill, suka soma rubuta sunayen mutanen da suka rage wajen kilo 14 ko fiye, suka kuma riƙe har shekara guda. An rubuta fiye da mutum 10,000. Aka ga yawancinsu suna karya kumallo kowace safiya. Suna hawa ma'auni sau ɗaya a mako ko fiye. Suna motsa jiki wajen sa'a guda kowace rana, yawanci tafiya a ƙasa ce. Ba wani asiri a ciki, sai nacewa.

Manomi ya san wannan. Sharar gona sau ɗaya a ke yi kafin shuka, amma ciyawa ba ta daina fitowa. Wanda ya yi noman firi ya ƙi maimai, zai tarar da gonarsa ta koma daji. Rage ƙiba ita ce sharar gona. Riƙewa ita ce noman, aikin kuwa ba ya ƙarewa da damina ɗaya.

3. Mu fa, a gidajenmu?

Kada mu ɗauki dokar da ba za mu iya riƙe ta shekara goma ba. Wanda ya rantse ya bar tuwo sam, ba zai daɗe ba. Gara a rage malmala, a yawaita miyar ganye da wake da zogale, a rage mai a tukunya. A lura da sukarin shayi da lemon kwalba, gama suna shiga ciki ba su ƙosar da kowa. In wurin zuwa ba nisa, mu bar babur mu taka. Mu sa rana ɗaya a mako ta hawa ma'auni. In mun ga kilo 2 sun komo bayan biki, mu gyara nan da nan tun ciyawa tana ƙarama.

Kada kuma mu rena kaɗan. A 2002 aka ba da labarin wani babban bincike a Amurka a kan mutanen da su ke dab da kamuwa da ciwon sukari. Aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su motsa jiki minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Watau mai kilo 100, in ya rage kilo 7 ya riƙe, ya yi riba babba. Sannu ba ta hana zuwa.

Mai shan maganin hawan jini ko na sukari kuwa, ya shawarci likitansa kafin ya sāke abinci.

Ku uwayenmu masu karɓar baƙi, ga naku rabo: in baƙo ya ce ya ƙoshi, ku yarda. Ƙaunarku ba ta ragu ba don bai ƙara ba.

Tambayoyi

1. Don me ƙiba takan komo bayan an rage ta?
2. Waɗanne abubuwa uku ne masu riƙewa su ke yi?
3. Wane abu ɗaya za ka sāke a gidanka wannan mako, wanda za ka iya riƙewa har baɗi?